Babi na 4: Ina kabon ɗin tafki yake zuwa?

Darasi na 1

Toh 'yan uwa kowa ya buɗe littafinsa, a hankali za mu bi. Kun san gawayi ai, yawancin jikinsa kabon ne. A cikin iska ma akwai shi sai dai ido ba ya gani, sunan wannan iskar kabon dayoksaid.

Mu ɗauki Tafkin Chadi. Faɗi gare shi amma ba zurfi, wurare da yawa bai kai mita 2 ba, rana na ratsa ruwan sosai, ga kogin Chari da Komadugu Yobe suna kwaso masa laka da takin gona da kashin dabbobi, shi ya sa gansakuka da ciyayi ke tashi ba ƙaƙƙautawa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Ba daga taki tsiro ke samun kabon ba, daga iska ne da wadda ta narke a ruwa, kuma da rana yake ɗaukarsa. Taki ƙarfi kawai yake ƙara masa. A zana tafki, a ja kibiya daga sama zuwa kan gansakuka, a rubuta "shiga". Daga sama fa, ba daga laka ba. Madalla Baba, haka ne. Inna goge ki sake, ba komai. Daga ina? Iska. Yaushe? Da rana. Haba jama'a, har yanzu ina ganin kibiya na fitowa daga taki, dan Allah a daina kwafar na maƙwabci, a dubi allo!

Darasi na 2

In tsiron ya mutu sai ya nutse ya ruɓe, wani kabon ya koma sama, wani ya maƙale a laka don can ƙasa iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ruɓewa ba ta sauri. Ajiyar kenan. Kumfar nan da ke ɓulɓulowa in mai kwalekwale ya caka gora a taɓo, yawanci iskar metan ce, ita ma kabon ne ke gudu. A 1963 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa shekarun 1980 ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100, kuma lakar da ta bushe ta sha iska sakin ajiyarta take yi.

Darasi na 3

Taki in ya yi yawa gansakuka ta rufe ruwa, da dare ta shanye iskar shaƙa, kifi ya taso da asuba yana haki. A sake zana kibiyar darasi na 1 a gida, a kawo ranar Asabar.