Kirsimetin farko a Ingila da ƙananan yara: ku fara da abin da za ku iya maimaitawa baɗi

A Zuru ba wanda yake zama ya tsara wa yara Kirsimeti, gari ne yake yi. Hunturu na shigowa tela ya daina karɓar ɗinki, 'yan Zumuntar Mata suna bitar waƙa da yamma ana jin tulunsu daga nesa, mutanen Kaduna da Abuja da sojojinmu da suka samu hutu suna ta sauka a tasha. Ko iyaye ba su ce komai ba, yaro ya san lokaci ya yi. To ku da kuka iso Ingila bana, daga Zuru ne ko Ribah ko Yauri ko Gusau, ku sani nan ba mai ɗauke muku wannan aiki. Tituna za su cika da fitilu tun watan Nuwamba, amma ranar kanta kowa yana cikin gidansa ƙofa a rufe. Abin da yaranku za su taso suna kira Kirsimeti shi ne abin da kuka yi musu a cikin ɗakunan nan biyu.

Ku fara sanin yadda ranar take, don kada ta zo muku a ba-zata. Ran 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa aiki, a Landan ma ba bas ba jirgin ƙarƙashin ƙasa. Manyan kantuna a rufe suke, doka ce tun 2004 a Ingila da Wales, sai dai ɗan shagon unguwa, shi ma in an yi sa'a. Tasi kuwa kuɗinta ya haura na kullum. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Makarantu suna hutun kusan mako biyu. Saboda haka naman da za ku dafa ku saye shi tun ran 22 ko 23 wurin mahautan halal, su ne ke da akuya da kaza mai tauri irin ta gida, kuma za su sare muku yadda kuke so. Maganar a sayo akuya a ɗaure a bayan gida a yanka da asuba, ku bar ta a Kebbi. Majami'a kuma ku nemi wadda ƙafa za ta kai ku.

Shawarata ɗaya ce, sauran duk reshenta ne: kada ku fara abin da ba za ku iya yi baɗi ba. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya auna tsadar abu, maimaitawa yake riƙewa. Abin da aka yi sau biyu a jere ya zama dokar gida a wurinsa, ranar da kuka fasa sai kun amsa tambaya. Na ga iyalai sababbin zuwa sun cika gindin bishiyar Kirsimeti da kaya a shekarar farko don kada yara su ji sun fi kowa talauci a aji, da bashin Klarna, wato kamfanin saya yanzu a biya daga baya, da katin banki, sai Janairu ta zo da kuɗin gas da na haya. Shekara ta biyu aka rage, yara suka ɗauka laifi suka yi. Kyauta ɗaya ga kowane yaro ta isa, da 'yar safa da aka zuba wa lemo da alewa da fensiran zane. Shagunan sadaka da ke kowane babban titi cike suke da littattafai da kayan wasa masu kyau a fam ɗaya ko biyu, kuma Turawan da kansu can suke saye, ba abin kunya ba ne.

Batun Baba Kirsimeti, tsohon da ake ce wa yara shi ke kawo musu kyauta, kowane gida da ra'ayinsa. Wasu suna wasan, wasu suna ce wa yara gaskiya tun farko. Ni dai roƙona, in za ku yi, ƙaramar kyautar ce ta zama tasa, babbar ku ce daga Mama da Baba take. In ba za ku yi ba, ku ja wa yaron kunne kada ya je aji ya tona wa 'ya'yan mutane, don iyayen nan ba sa ɗaukar wannan da wasa.

Abin da na fi so kowane gida ya riƙe shi ne ranar cincin. Ku ware yini guda, Asabar ta ƙarshe kafin bikin, ku kashe talabijin. A shimfiɗa leda a kan tebur, a kwaɓa fulawa da suga da bota da madara da ɗan gyaɗar ƙamshi. Uwa ta murza, ta yanka dogayen layuka, ta ba yara wuƙar roba su gutsuttsura. Za su yi wasu kamar ƙwayar masara wasu kamar ɗan yatsa, ƙaramin zai cusa ɗanyen ƙullu a baki yana kallonki ta gefen ido, gari zai hau har gira. Ki bar su. Suya kaɗai ce ba tasu ba: su koma falo da babansu, ki buɗe taga ko da sanyi, don na'urar hayaƙin da ke silin ba ta san cincin ba, ihu za ta yi har maƙwabta su leƙo. Idan ya huce su ne za su ƙirga a zuba cikin kwalabe, kowa ya liƙa takarda ya rubuta sunan gidan da za a kai wa.

Nan ne al'adarmu ta rabon abinci take shigowa, kuma ita ce ban so ta mutu a hannunmu. A gida ran Kirsimeti yara ne ke yawo da kwanukan shinkafa da miya zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, da Sallah kuma nama ya dawo. A nan ma ana iya yi, da gyara kaɗan. Ku kai ran 23 ko 24 da rana, ba ranar bikin ba. Ku kai busasshen abu, cincin ya fi miya sauƙin karɓa ga wanda bai san girkinmu ba. Sannan ku rubuta abin da ke ciki a takarda, musamman gyaɗa. Mu mun saba da man gyaɗa da yajin ƙuli-ƙuli, amma a nan akwai yaran da ƙwaya ɗaya za ta kai su asibiti, shi ya sa makarantu da yawa suka hana shiga da ita sam. Na rabo ku soya da man sunfulawa. Tsohuwar da ke ƙasan benenku, wadda ba ta taɓa wuce “sannu” da ku ba, ku sa ta a lissafi. Tsofaffi da yawa a ƙasar nan su kaɗai suke yin wannan rana.

Daren jajibiri kuma na karatu ne da waƙa, minti goma sha biyar, kada ya zama wa'azi. Uba ya buɗe Luka sura 2 cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya karanta daga aya ta 1 zuwa ta 20. A makaranta da majami'a za su ji labarin da Turanci har su haddace, da Hausa kuwa in ba a bakinku ba ba inda za su ji shi. A yi waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi, su ɗin dai kowace shekara. Ba tulu, amma bokitin roba yana ba da amo, cokali da kwalba su cike sauran, a dai tashi kafin 9 na dare saboda bangon gidajen nan ba kauri. Idan kuna da Dakarci ko wani harshen gida, a sa waƙa ɗaya da shi.

Kiran gida ku sa masa lokaci tun da wuri. Da hunturu Nijeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, kuma da safe mutanenmu suna sujada, daga nan sai rawa da ziyara har yamma. Ku ce wa Kaka ƙarfe kaza za mu kira, a yi cajin waya a tsaya inda sabis yake kamawa. Ga wata dabara da ta fi kiran bidiyo mai yankewa: ku roƙi tsofaffi su yi wa kowane jika saƙon murya ta WhatsApp, su kira sunansa, su sa masa albarka, su yi masa waƙa ko gajeriyar tatsuniya. Ku adana saƙon a wani wuri ban da wayar. Kowace shekara a saurari na bara kafin na bana.

Sabon ɗinki yana da daɗi, amma a aika wa tela awo tun Oktoba, a ƙara tsawo, a kuma sa rigar sanyi a ciki. Atamfa ba ta san Disambar Manchesta ba.

Da yawanmu aikin kula da tsofaffi ko asibiti muke yi, kuma jadawalin aiki bai san biki ba. Idan sunanki ya faɗo ran 25, kada ki zauna kina jin kin cuci yara. Ku mayar da bikin gidanku ran 24 ko 26, wadda ita ma hutu ce a nan, ku sanar da su tun da sati biyu. Abin da ba za a yi ba shi ne barin ƙanana su kaɗai a gida don ku biyun kuna aiki. A Zuru akwai gwaggo a ɗaki na gaba. A nan maƙwabci zai kira hukuma, kuma maganar ba ta ƙarewa da wuri. Ku haɗa kai da wani gidan 'yan gida, bana su riƙe naku, baɗi ku riƙe nasu.

Daga al'adun Turawa ma akwai na ɗauka, marasa tsada. Kalandar da yaro ke buɗe ƙofa ɗaya kullum daga 1 zuwa 24 ga Disamba tana koya masa haƙuri da ƙirga. Majami'un Angilika da yawa suna yin sujadar Christingle, wadda ta yaɗu a Ingila tun 1968: kowane yaro a ba shi lemo da kyandir a tsakiya, jan zare a kewaye, da tsinke huɗu masu alewa. Kyauta ake shiga, ba ta da tsawo, ba mai harararka don jariri ya yi kuka. Kallon fitilun unguwa da ƙafa bayan cin abincin dare shi ma ba ya cin ko kwabo.

'Yan'uwa Musulmi daga Argungu da Birnin Kebbi da Talata Mafara, ku ma watan nan zai shigo muku gida ta jakar makaranta. Za a aiko da takardar wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, da ranar sa rigar sanyi mai ado, da katuna daga 'yan aji. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga sujadar makaranta da darasin addini, magana ce kawai da shugaban makaranta, kuma gara a yi ta tun Nuwamba kafin a raba wa yara rawar da za su taka. Ku riƙa duba alewa saboda gelatin na alade, da kek ɗin lokacin saboda giya. Hutun kuma ku ba shi abinsa na kowace shekara, ko da waina ce da miyar taushe da gayyatar wani gida, don yaronku ma ya samu abin faɗa in an koma aji.

Kayan ado kada ku saya da yawa bana. Daga ran 26 ga Disamba kantuna suna karya farashin fitilu da takardar naɗe kyauta da katuna, wani lokaci har rabi. Ku saya a lokacin, ku haɗa da abin da yara suka zana, ku zuba a kwali ɗaya ku rubuta shekara a jiki ku ɗora saman kabad. Mai aikin jadawali kuma ya tambayi manaja tun Janairu yadda ake neman hutun Disamba mai zuwa, don a wurare da yawa wanda ya yi aiki bana shi ake fara ba baɗi.