Yadda Ake Ziyartar Tsohuwar Karar Shanu ta Fort Worth a Jihar Texas

Idan tafiya ta kai ka Dallas, ware wa Fort Worth wuni guda. A arewacin garin akwai unguwar da ake kira Stockyards, tsohuwar kara ce wadda a shekarar 1944 kaɗai dabbobi sama da miliyan 5 suka bi ta cikinta. Ciniki ya tashi tuntuni, amma gine-gine da garken katako suna nan.

Da farko ka zaɓi lokaci. Watan Maris zuwa Afrilu, ko Oktoba, su ne daidai. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 38, kuma kallon duk a waje yake. Ka yi ƙoƙari ranar ta zama Juma'a ko Asabar, dalilin yana gaba.

Na biyu, hanya. Daga filin jirgin saman Dallas-Fort Worth (DFW) jirgin ƙasa na TEXRail yana kaiwa tsakiyar Fort Worth. Daga can tasi ko bas, kimanin kilomita 5 ne.

Na uku, ka isa titin Exchange tun ƙarfe 11 na safe, ka samu wurin tsayuwa gaban ginin Livestock Exchange kafin jama'a su cika. Da ƙarfe 11:30 kaboyi bisa dawakai suke koro shanu ta kan titin da aka shimfiɗa da jan bulo, su sake da ƙarfe 4 na yamma, kuma ba a biyan ko sisi. Kada ka sa ran babban garke. Shanun ba su kai ashirin ba, kuma kafin ka gama gyara wayarka sun wuce. Amma dubi ƙahon. Wanda ya saba ganin jajayen shanun Bororo zai ce ya san dogon ƙaho, to na waɗannan ba sama yake tashi ba, gefe da gefe yake baje wa, har wani ya kai kusan mita 2 daga tsini zuwa tsini. Sai ka ga sa yana karkata kai don kada ya soki na kusa da shi. Irinsu ne aka riƙa korawa da ƙafa daga kudancin Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, kuma Fort Worth ce zangon da makiyaya ke yin guzuri kafin su shiga daji. Jirgin ƙasa bai iso garin ba sai 1876.

Da shanun sun wuce, yawancin baƙi kantunan hula da takalmi suke rugawa. Ni shawarata ka zaga bayan ginin, ka hau gadar katakon da ta ratsa saman garke. A nan masu saye ke tsayawa su ƙare wa dabba kallo kafin su taya. Daga sama za ka ga yadda aka tsara lunguna da ƙofofi don a kora dubban dabbobi ba su gauraya ba, har zuwa mayankar kamfanonin Armour da Swift. Armour ta rufe a 1962, Swift a 1971, bayan manyan motoci sun karɓe jigila daga hannun jirgin ƙasa, ciniki ya koma ƙananan kasuwanni kusa da masu kiwo. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya ga dillali yana daidaita mai saye da mai sayarwa zai gane wurin nan take.

Sai ka shiga ginin kansa, wanda aka gina a 1902, inda ofisoshin dillalai suke a da. Akwai ƙaramin gidan tarihi a ciki, har da wani ƙwan lantarki da ke ci tun 1908.

Abinci kuwa, gasasshen naman sa shi ne abin tinƙahon garin. Sai dai gidajen gashi da yawa a wuta ɗaya suke gasa shi da naman alade, kuma yankan ba lallai na Musulmi ba ne. Ka tambaya kafin ka zauna, ko ka zo da guzurinka. Alwala ma ka yi shirinta.

Da dare ne dalilin Juma'a da Asabar yake bayyana: wasan rodiyo a zauren Cowtown Coliseum, ginin 1908. Ka sayi tikiti tun da rana. Mahayi zai hau bijimi mai tsalle, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a sama, dole ya daure daƙiƙa 8 kafin alƙalai su ba shi maki. Kafin ka shiga, tsaya gaban mutum-mutumin Bill Pickett da ke ƙofa. Baƙar fata ne, shi ya ƙirƙiro salon dirowa daga kan doki a cafke ƙahon sa a murɗe shi ƙasa, har yakan ciji leɓen san. Wanda ya ga hawan ƙaho wurin mahautan ƙasar Hausa ba sai an yi masa bayani ba.

Idan kana da yara, ka bar mashayu da gidajen rawa, ka kama tasi da zarar an tashi daga wasan.