Darasi na Tara: Auna Nisa Tsakanin Ƙananan Filayen Jirgin Sama Biyu

Mota sai ta kewaye dutse, ta nemi gada kafin ta tsallake kogi. Jirgin sama babu ruwansa da wannan. Shi ya sa nisan sama ya fi na hanyar mota gajarta.

Ɗauko taswira da rula. Ɗora rular daga fili na farko zuwa na biyu, ka karanta santimita nawa ne. Daga nan sai ka duba ma'aunin da ke gindin taswirar. A ce an rubuta santimita 1 daidai da kilomita 50, kai kuma ka sami santimita 6. To, 6 sau 50, kilomita 300 ke nan.

Matuƙa jirgi da mil ɗin teku suke lissafi, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. Kilomita 300 ɗin nan a wurinsu mil 162 ne. Kada ka rikita shi da mil na ƙasa, mai mita 1,609.

Saura lokaci, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda ake yawan amfani da shi a gajerun tafiye-tafiye, yana cin kimanin kilomita 500 a awa. Raba 300 da 500, ka ninka da 60, za ka sami minti 36. Amma kada ka ce wa mai taryarka ya zo bayan minti 36. Jirgin zai fara gangarawa a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya, ya hau sama, sannan ya rage gudu tun kafin ya sauka. A gajeriyar tafiya waɗannan su ne suke cinye lokaci, don haka lokacin da ke jikin tikiti ya fi lissafinka tsawo.

Ga kuma iska. In tana bugo jirgin ta gaba da gudun kilomita 50 a awa, gudunsa ya koma 450, tafiyar ta zama minti 40. In ta baya take turo shi, minti 33 ya isa. Zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya, alhali nisan bai canja ba.

Akwai ma filayen da suke dab da juna. A tsibiran Orkney na Sikotilan, tsakanin Westray da Papa Westray kilomita 2.7 ne kacal, jirgin kamfanin Loganair ba ya cika minti biyu a sama.

Aikin gida: a kan wannan taswirar, an auna santimita 9 tsakanin filaye biyu. Kilomita nawa ke nan? Minti nawa jirgi mai gudun kilomita 450 a awa zai yi? Rubuta amsarka da lamba, sannan da kalmomi.