Guduma ba ta gyara kik

Mota ta mutu a cunkoson Mile 12 a Legas, ka murɗa makulli, sai "ƙas, ƙas" kawai. Nan take wani zai miƙo sifana ya ce a bugi kik, wato na'urar da ke tayar da injin mota. A zamanin kik mai naɗin waya a ciki, ana bugawa a sha. Yawancin ƙananan motocin yanzu kuwa mayen ƙarfe ne jere a cikin gwangwanin kik ɗinsu, 4 ko 6, baƙin nan mai fashewa kamar tangaran. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya tsage, ɓarɓashin ya maƙale wa amecha, wato sashen da ke juyawa a tsakiyar kik. Aikin da canjin burushi (ƴan gawayin da ke kai wa amecha wuta) zai gama ya koma neman kik tokumbo a kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Sau da yawa ma kik ɗin lafiyarsa ƙalau. Damshin Legas ne ya ci kan batir, ko wayar at, mai haɗa batir da jikin mota, ta saki. Kik yana jan sama da amfiya 100, ɗan tsatsa ya isa ya hana shi juyawa. A kankare, a ɗaure, a auna: cikakken batir yana nuna volt 12.6. Kuma a daina danne makulli fiye da daƙiƙa 10, naɗin wayar kik ƙonewa yake yi. In dole sai an kwance kik ɗin, a fara cire wayar negetif, a canza burushi gaba ɗaya, ba wanda ya fi cinyewa kaɗai ba.

Masu tsintar mataccen kik a kasuwar tsoffin ƙarafa ta Owode Onirin don cire mayen su haɗa janareta su ma da nasu kuskuren. Wani sai ya kai gida ya tarar babu maye ko ɗaya a ciki. Ka buɗe tun a wurin, ka zura sukundireba, in bai kama ba ka bar musu kayansu. Wani kuma wutar walda yake sa wa gwangwanin don gam ɗin da ke riƙe mayen ya saki, alhali zafi kashe ƙarfin mayen yake yi. Zarto ya fi: a yanka gwangwanin a tsaye, a buɗa shi a hankali. Kafin cirewa a ɗiga wa kowane maye fenti, domin a jere dole su saɓa, wannan ya ja, na kusa da shi ya tura. In fuska ɗaya suka kalla duka, ko ƙwan tocila ba zai kama ba.

Batun "janareta mara mai" da ake yawo da shi a Facebook kuwa, maye ba ya haifar da wuta shi kaɗai. Sai an sami mai juya shi: iska, ruwa, inji, ko fedar keke.