Yadda Ake Bin Diddigin Hali Ɗaya da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, ba duba ba ne, ba kuma karanta zuciyar mutum a fuskarsa ba ne. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin saikoloji na farko a birnin Leipzig na Jamus a 1879, aikin fannin lura ne da aunawa da gwaji. Mai son shigarsa ya ɗauki hali ɗaya tak ya bi shi.

Fara da faɗin halin yadda kowa zai iya gani ya ƙirga. "Yaron nan rigimamme ne" hukunci ne kawai. "Yana birgima a ƙasa yana kururuwa idan an karɓe waya a hannunsa" shi ake iya aunawa. Ka raba takarda gida uku: abin da ya faru kafin halin, halin kansa da mintunan da ya ɗauka, sai abin da ya biyo baya nan take. Ka yi kwana 7 kana rubutawa, kada ka sauya komai. A nan masu farawa ke tuntuɓe, domin sukan fara gyara tun rana ta biyu, daga baya su rasa abin da za su kwatanta da shi.

Gida na uku shi ne zuciyar aikin. B. F. Skinner na Amurka ya nuna cewa halin da lada ya biyo bayansa yakan ƙaru. Idan takardarka ta nuna duk kururuwa tana ƙarewa da mayar wa yaro wayar, to kururuwar tana biya masa buƙata. Gyaran shi ne a daina mayarwa, a kuma yaba masa nan take duk sanda ya miƙa wayar cikin natsuwa. Amma ka shirya: kwanakin farko rigimar za ta ƙaru kafin ta lafa. Wanda ya karaya a wannan gaɓar ya mayar da wayar, ya koya wa yaron cewa ƙara murya ce mafita. Ladan da ke zuwa jefi-jefi kuwa ya fi kafe hali fiye da na kullum, shi ya sa "bari in ba shi yau kaɗai" ke rushe aikin mako guda.

Daga nan sai ka kai takardar gaban sauran rassan ilimin halayya, kowane da tambayarsa. Reshen girma da shekaru zai tambayi shekarun yaron, domin Jean Piaget, masanin halayyar yara, ya nuna cewa tsakanin shekara 2 zuwa 7 yaro na shan wahalar ganin abu ta mahangar wani. Reshen tunani da ƙwaƙwalwa zai tambaya ko yaron ya fahimci "saura minti biyar" idan an faɗa masa kafin a karɓe wayar. Reshen zamantakewa zai duba ko halin na sauyawa a gaban baƙi, na jiki kuma ya duba barci da yunwa.

Kuskure mafi haɗari shi ne ɗaukar abu biyu da suka zo tare a matsayin ɗaya ya haddasa ɗaya. Rigimar na iya yawaita a ranakun da ya daɗe da waya, alhali rashin barci ne ya jawo duka biyun. Saboda haka abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a sake ƙirga na wani makon.

Wannan takarda ba ta gano cuta. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 yana hana mutum aiki, ci ko barci, aikin reshen kula da masu lalura ne. Masanin halayya yana gwaji ya yi magani ta hanyar tattaunawa, likitan ƙwaƙwalwa kuma shi ke rubuta magani. In mutum ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar.