Yadda za ka haɗa nazarin laifuka da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a

Ranar da na gaya wa kawuna abin da nake son karantawa, yana zaune kan buzunsa a ƙofar gida a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga karatu naka, ɗan sanda za ka zama ko likitan mahaukata?" Na ce Kawu, ba ko ɗaya. Ya ce to Allah shi kyauta, ya ci gaba da jan carbinsa. Yanzu ƙannen unguwa ne ke samuna da tasu tambayar: ana iya karanta kiriminoloji, wato nazarin laifuka, tare da saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam? Ana iyawa, amma ba yadda suke gani a intanet ba.

A Ingila akwai jami'o'in da ke ba da digiri ɗaya mai ɗauke da sunayen biyu. A nan kuwa kwas ɗaya za ka rubuta a gaban kowace jami'a a fom ɗin JAMB. Saboda haka dole ka zaɓi ɗaya ya zama gidanka, ɗayan kuma maƙwabcin da kake shiga ɗiban wuta kullum.

Ni na bi ta soshiyoloji, ilimin zamantakewa, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin ba ni da halin barin gari. A wannan fannin za ka haɗu da darussan laifi da kauce wa al'ada, da kuma halayyar mutum a cikin jama'a, ka ga ka taɓa ko'ina. Buɗaɗɗiyar jami'a, NOUN, tana da digirin nazarin laifuka da tsaro, kuma ya dace da wanda ya riga ya shiga aikin ɗamara. Saikoloji zalla kuwa sai ka duba irin su Jos, Ibadan ko Nsukka, wadda ta buɗe sashenta tun 1964. Shawarata, wadda ni ban samu mai ba ni ba: idan kana da burin wata rana ka zauna da mutum ka auna lafiyar tunaninsa, ka mai da saikoloji gidanka. Digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya yawanci yana neman wanda ya yi na farko a saikoloji, alhali nazarin laifuka yana karɓar baƙi cikin sauƙi. Sai da na gama bautar ƙasa na gane haka.

Maganar shiga ba ta da tsawo. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sannan ka karanta kundin JAMB na shekarar da kake nema da idonka, kada ka bar mai shagon intanet ya zaɓa maka darussa.

Abin da ya fi amfanata a shekaru huɗun nan littafin rubutu ne mai kauri da na saya a tsohuwar kasuwa. Kowane labarin laifi da na ji, sai in buɗe shafi biyu. Na hagu na tambayar kiriminoloji ne: me ya sa a wannan unguwa, a wannan lokaci? Na dama na saikoloji: me ya sa wannan yaron, ba yayansa da suke kwana ɗaki ɗaya ba? Ɗauki misalin matashin da ya fizge waya don ya sayi tiramol. A hagu zan rubuta Robert Merton, wanda ya bayyana a 1938 cewa idan al'umma ta ɗaukaka dukiya amma ta toshe wa wasu halastattun hanyoyin samunta, wasunsu za su haura katanga. Zan ƙara Edwin Sutherland, mai cewa laifi koyonsa ake yi daga abokan zama. Kakanninmu sun riga shi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A dama kuma Albert Bandura, wanda ya nuna a 1961 cewa yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana su ma sun jibge ta, sai kuma yadda ƙwaya ke sabar wa jiki har adadin jiya ya kasa isar yau. A ƙasa in ja layi in rubuta abin da shafukan biyu suka kasa amsawa. Ranar jarrabawa, yayin da abokaina ke zazzage haddar takardun malam, ni labari ɗaya nake juyawa ta fuska biyu.

Kada ka ɓata lokaci da Cesare Lombroso fiye da abin da za ka ci jarrabawa da shi. A 1876 ya yi iƙirarin ana gane mai laifi daga siffar kansa da haɓarsa, kuma tuni bincike ya watsar da wannan. Na ambace shi ne kawai domin almajiransa na nan a kowace majalisa, masu cewa "daga ganin idonsa ɓarawo ne".

Sai zuwa kotu. Ba ya cikin manhaja, amma zaman kotun majistare a buɗe yake ga jama'a. Ka sa kaya masu mutunci, ka kashe waya, ka zauna a baya, kada ka ɗauki hoto ko murya. Kafin ka je ka karanta gwajin da Elizabeth Loftus da John Palmer suka yi a 1974. Sun nuna wa mutane bidiyon haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, irin "suka yi kaca-kaca", sun faɗi gudu mafi yawa a kan waɗanda aka yi wa amfani da kalma mai sanyi. Bayan mako guda, su ne kuma suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a bidiyon. To yanzu ka zauna a kotunmu, inda mai shaida ke magana da Sakkwatanci, tafinta ya juya, a rubuta da Turanci. Tsoho ya ce "ya taɓa shi", ko "ya make shi", ko "ya zabga mai", ka kasa kunne ka ji da wace kalma kowanne ya shiga takarda. A benci na baya na fara fahimtar dalilin haɗa fannonin nan.

Ka san doka ko da kaɗan ce. Dokar Finalkod ta Arewa, wato kundin hukunta laifuka, wadda ta fara aiki a 1960, ta ce a sashe na 50 yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya da laifi, sashe na 51 kuma ya yi magana kan wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. Duk wanda ya yi makarantar zaure zai tuna hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Wa zai tabbatar wa alƙali cewa hankalin ya gushe a daidai lokacin? Nan aikin masana yake. Ka kuma nemi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Wanda ya gudo wannan fanni don tsoron lissafi, na tausaya masa. Ƙididdiga na jiransa a fannonin biyu, kuma ita ce ta fi kayar da ɗalibai a ajinmu. Ka koyi SPSS, manhajar kwamfuta ta ƙididdiga, tun a aji biyu, ko da a kwamfutar aro.

Kundin kammala digiri shi ne wurin da babu mai hana ka ɗaura auren fannonin. Ka taƙaita batun: maimakon "matsalar tsaro a Arewa", ka ce yadda iyaye a unguwa ɗaya ke karɓar ɗansu bayan ya fito daga gidan gyaran hali, sunan da dokar 2019 ta ba gidan yari. Ka karɓi wasiƙa daga sashenku, ka nemi izini a rubuce, kuma kada ka rubuta "masu laifi" a kan takardar tambayoyinka, domin mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Ma'aunan da za ka samu, wato jerin tambayoyin auna tunani da halayya, da Turanci aka tsara su. Ka fassara, ka ba wani ya mayar da su Turanci bai ga na asali ba, sannan ka gwama. Ni sai da na yi haka na ga kalmar "damuwa" ta haɗiye mini tambayoyi uku mabambanta. Idan kuma za ka zanta da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu a Isa ko Sabon Birni, ka same su nan cikin gari, kada ka nufi daji da sunan bincike. Ka ɓoye sunayensu, kuma in baiwar Allah ta yi shiru a tsakiyar labari, ka rufe littafinka.

Aiki akwai: 'yan sanda, NDLEA, Sibil Difens, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, gidan gyaran hali, ƙungiyoyin agaji, ko koyarwa. Amma takardar ba ta mai da kai lauya ba, ba ta kuma ba ka ikon rubuta magani ba, wannan na likita ne. Kawu har yau bai yarda da haka ba. Watan jiya ya turo mini wani maƙwabcinsa da ɗansa ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, sun yi ruƙiyya har sau uku. Na ce masa, "Baba, a ci gaba da addu'a, amma gobe da sassafe mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware." Ƙarfe bakwai muka ɗauki hanya, yaron na tsakiyarmu a kujerar baya.