Yadda ake saita sensar zafi ta tauraron ɗan adam

Sensar nan fa ba ta san digiri ba, lambobi kawai take turowa, aikin saiti shi ne a mayar da su zafi na gaskiya.

Tun daga sama ake farawa. Ɗauki TIRS, sensar zafi ta tauraron Landsat 8 da aka harba a 2013, akwai madubi mai juyawa a cikinta, ya kalli duniya, ya juya ya kalli wani baƙin faranti da aka san zafinsa daidai, blakbodi ake ce masa, sannan ya leƙa sararin samaniya inda sanyi ya kai wajen kelbin 3, wato kusan digiri 270 ƙasa da sifili. Ka ga an samu gefe biyu kenan, mai ɗumi da mai sanyi, da su ake gane ko sensar ta fara zamewa.

Kai kuma a kwamfuta buɗe fayil ɗin MTL, wato fayil ɗin bayanai mai ɗauke da lambobin lissafi da ke zuwa tare da hoton da ka sauke na tauraron. A band 10, ɗaya daga cikin zangon haske biyu da TIRS ke aunawa, ka ninka lambar kowane fiksel da 0.0003342, ka ƙara 0.1, ka samu radiyans, ƙarfin hasken zafin da ya iso sensar, wato L. Raba 774.89 da L, ƙara 1, ɗauki ln (maɓallin logarithm ɗin nan na kalkuleta), sai ka raba 1321.08 da abin da ya fito. Kelbin ne, cire 273.15 ka samu digirin Celsius. Amma zafin da aka hango daga saman iska ne wannan, ba na ƙasa ba tukuna.

Inda na fi so a natsu shi ne gwaji da ruwa, don Allah kar a tsallake shi. Ruwa shimfiɗe yake bai ɗaya kuma an san yadda yake fitar da zafi, shi yasa JPL, cibiyar bincike ta hukumar sararin samaniya NASA, ta sa na'urorin awo a tafkunan Tahoe da Salton Sea a Amurka. Zaɓi ranar da babu gajimare ko kaɗan, ɗauki awon daidai lokacin da tauraron ya gifta, ka tuna fatar ruwa ta saman nan yawanci ta ɗan fi na ƙasanta sanyi kuma ita kaɗai sensar ke gani, sannan ka lissafa tururin da ke cikin iska da MODTRAN, manhajar lissafin tasirin iska a kan haske, sai ka kwatanta.

Irin wannan gwajin ne ya tona matsalar TIRS, ashe haske daga gefe yana kutsowa cikin tabaran na'urar yana ƙara zafin da take nunawa, band 11 ya fi shan wahala, har USGS, hukumar Amurka da ke fitar da hotunan Landsat, ta ce a yi hattara da shi. A 2017 aka saka gyaran cikin sarrafa hotunan, TIRS-2 na Landsat 9 kuma da aka harba a 2021 tun a ƙira aka toshe ɓarakar. In kana da tsofaffin hotunan da ka sauke kafin gyaran, sake sauke sababbi.